Jirgin da Aka Ɗinka

Ubana Mutari ɗinkin ƙwarya yake yi a kasuwar Dole,
basilla a hannu, zare a baki,
abin da duk ya tsage a Damagaram gabansa yake zuwa.
Bai taɓa ganin teku ba.
Ruwa mafi girma a idonsa tafkin Gidimuni ne,
shi ma sau ɗaya, daga bayan mota, ran zuwa gaisuwar mutuwa.

Ran Alhamis na zo masa da taswira daga lakwal,
na shimfiɗa ta tsakanin ludayi da masaki.
Shuɗi ne zalla, ɗigo nan, ɗigo can,
kamar gero ya zube a kan turkuɗi.
Ya sa farce zai kankare ɗaya, wai kashin ƙuda ne.
Na ce, Baba bari, tsibiri ne, da mutane a kansa suna haihuwa.

Ya ce, wa ya kai su?
Na ce, su suka kai kansu,
tun ba inji, tun ba takarda.
Kwalekwale biyu suka jera kamar Hasan da Usaini,
suka kafa tabarma a tsaye ta tare iska,
suka loda gwaza da kwakwa, kaji, kare, goruna cike da ruwa,
da tsohuwa mai riƙe da sunayen kakanni a ka.
Ba ƙusa ko ɗaya a jikin jirgin.
Da igiyar ɓawon kwakwa aka ɗinke katako da katako.

Nan basilla ta tsaya.
Ya cire zaren daga baki. Ya ce, ɗinki?
Na ce, ɗinki.

Sai na ci gaba, don na haddace darasin:
yadda jagoransu ba ya barci sai gyangyaɗi,
yana kiwon taurari, wannan ta faɗi, waccan ta fito a gurbinta,
har Kaza da 'Ya'yanta da muke gani bisa duwatsun Birni.
In hadari ya rufe sama sai ya kwanta a cikin jirgi,
ya saurari tashin igiyar ruwa da haƙarƙarinsa.
In tsuntsu ya wuce da magariba da kifi a baki,
gida za shi, sai a bi shi.
Na faɗi Hawai, na faɗi Rapa Nuwi, harshena na tuntuɓe.

Shi bai bi ni zuwa taurari ba.
Ya ce, tsakanin huda da huda yatsa nawa suke bari?
Da me suke toshe baki, danƙo ko ƙaro?
Wa ke kwalfar ruwa da dare?
Ɗinki komai kyansa sai ya yi hawaye.
Na juya littafi gaba da baya.
Akwai jagora, akwai sarki, akwai shekara.
Mai ɗinkin babu sunansa.

Ya ce, waɗanda ɗinkinsu ya kwance fa?
Na ce, su ba su cikin taswira.
Ya daɗe yana duban shuɗin, ba ɗigon ba.

Can Barira mai fura ta zo karɓar ƙwaryarta,
dala ashirin a ƙulle a bakin zane.
Ya ɗaga ƙwaryar ga rana, ya bi layin da babban yatsa,
ya ce, dawo gobe.
Ta ce, ai ka gama!
Ya ce, ban gama ba.

Da dare, ga famfon unguwa kwana uku bai ce uffan ba,
ya ɗebi ruwan saye ya zuba a daro,
ya ɗora ƙwaryar Barira da ya sake wa ɗinki,
ya jefa tsakuwa bakwai a ciki, mu bakwai ne a gidan.
Ya zauna da fitila a gefe.
Na yi barci, na farka, yana nan zaune,
yana duba ko cikinta ya jiƙa.